Ranar Da Na Ceci Surukina Daga Magani

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Juma'ar da na shiga gidan Haj Usman ina ƙamshin turare kamar ango, na fito kwalar jallabiyata a yamutse, unguwa guda tana dariyata.

Ni tela ne a kasuwar Gadarif, kuma a lokacin ba ni da malamin da ya wuce littattafan soyayyar nan da fatake suke kawo mana daga Kano, waɗanda suka sha hannu har bangonsu ya fita. A cikinsu na koyi duniya. Na koyi cewa duk attajirin da ya kwanta ciwo yana da mugun ɗa mai jiran gado, kuma duk kyakkyawar yarinya tana zaune ne tana jiran jarumin da zai faɗo gidansu ya tona asirin azzalumai. (Ban taɓa tambayar kaina me ya sa jarumin bai taɓa zama tela ba.)

Ihlas 'yar Haj Usman ce, manomin riɗi da dawa mai gona a wajen Basunda. Mun daidaita da ita, baffannina suna shirin zuwa tambaya, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Haj ana tsakiyar girbi. Ɓangaren dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Aka kai shi Khartum, aka dawo da shi. Babban ɗansa Mu'awiya ya aiko wa baffannina cewa a dakata, don Ihlas ba mai bayar da ita sai Haj da bakinsa. Ka ga ke nan aurena kacokan ya rataya a kan harshen da ko "ruwa" da ƙyar yake furtawa.

Ana haka wata safiya Ihlas ta zo shagona.

"Ina so ka ɗinka mini safar hannu," in ji ta. "Mai kauri, ka cusa mata auduga, kada ka fitar da yatsu. Ka sa mata igiya doguwa."

"Guda ɗaya?"

"Guda ɗaya."

"Ta sauke tukunya ce ko?" Na yi murmushi. "Tun yanzu an fara shirin girkin gidana?"

"Kai dai ɗinka, ya ustaz. Mafarkin ka bari sai ka tashi daga aiki."

Na ɗinka ta kamar rigar sarauta. Har fure na zana a bayanta da jan zare, ina hango ta a kicin ɗinmu tana sauke miya, ni kuma ina jingine da ƙofa ina faɗin kalaman da na haddace.

Da na ji labarin Haj ya fara zama a kujera, sai na ce lokaci ya yi da zan je gaisuwa ni kaɗai, ya gan ni da kyau. Na goge farar jallabiya, na naɗa rawani, na sayi dabino da lemo. Bayan la'asar na yi sallama a ƙofa. Ba a amsa ba, amma ƙofar a buɗe take, na leƙa.

Abin da na gani ya sa na tsaya cak a bakin ƙofa.

Haj Usman yana zaune a ƙarƙashin rumfa, gumi ya jiƙe masa wuya. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, an cusa shi a cikin safata mai jan fure, an zagaya igiyar an ɗaure a ƙugunsa. Hannun dama kuwa, mara lafiyar, yana karkarwa yana ɗago ɗan finjalin gahawa daga kan tebur, gahawar tana zuba a gefe. Mu'awiya yana gabansa ya harɗe hannu yana cewa, "Yalla, maza ya Haj, kada ka ajiye." Wata mata da ban sani ba, sanye da farin tob, lulluɓin matan ƙasar nan, ta zuba masa ido ko ƙiftawa ba ta yi. Ihlas tana tsaye a jikin ginshiƙi, ta cije leɓe, idonta ya kawo ruwa.

Nan take komai ya haɗu a kaina. Ga attajiri. Ga mugun ɗa. Ga baƙuwar da aka haɗa baki da ita. Ga masoyiyata tana kuka ba ta da mai ceto. Abin da ya fi ƙona ni, da hannuna na ɗinka musu kayan azabar, har da ado!

Na zubar da lemon, ya gangara ko'ina a tsakar gida. Taku biyu na isa. Finjalin ya kusa taɓa leɓen Haj lokacin da na karɓe shi. Na tsinke igiyar, na zare safar na yi jifa da ita, na tallafo ƙeyarsa na kafa masa finjalin a baki kamar jariri. Sannan na juyo na fara:

"Ku ji tsoron Allah! Mutumin da ya ci da ku, ya sha da ku, yau shi kuka ɗaure kamar akuyar kasuwa? Mu'awiya, in gona kake so, ka jira lokacinta! Ke kuma Ihlas, share hawayenki. Muddin ina numfashi Baba ba zai sake ɗaga ko tsinke da kansa ba!"

(Jimlar ƙarshen nan ba tawa ba ce, aro na yi. A littafin, wurin nan kowa yake fashewa da kukan nadama.)

Tsit. Sai wata kaza da take tsattsagar lemona.

Sai na ji an shaƙo kwalata. Na duba: hannun dama ne. Yatsun Haj sun dunƙule a wuyan jallabiyata, ya jawo ni har ina jin hucinsa, idanunsa jajur. Bakinsa ya yi ta motsi, sannan kalmomi suka fito tar, kamar bai taɓa ciwo ba:

"Wa... ya aike ka, ɗan banza?"

Matar nan ta miƙe zumbur tana tafi. "Ma sha Allah! Kun ji? Jimla cikakkiya! Ku dubi yatsun! Riƙe shi, ya Haj, riƙe shi da kyau! Kai kuma, bawan Allah, kada ka motsa."

Ban motsa ba. Ina duƙe, rawanina ya zamo ya rufe mini ido ɗaya, aka gabatar mini da Daktora Salwa, ƙwararriyar likitar motsa jiki da take zuwa gida tana farfaɗo da Haj. A duƙen ta yi mini darasi. Ta ce in aka bar hannu mai lafiya a sake, shi zai yi ta yin komai, ƙwaƙwalwa kuma ta manta da ɗan'uwansa har ya ƙame. Shi ya sa ake rufe shi na ɗan lokaci kullum, da yardar mara lafiya, a tilasta wa raunanan aiki.

"Hannaye da yawa da na gani sun mutu," in ji ta, "ba ciwon ne ya ƙarasa su ba. 'Yan'uwa masu tausayi ne irinka."

Ashe Haj ya rantse ba zai sha gahawa a gaban mutane da hagu ba, kuma ba za a ba shi a baki ba. Makonni yana fama da finjalin nan. Ranar ce ya fara kai shi kusa da leɓe, hawayen Ihlas ma na murna ne. Ni kuma na faɗo na ƙwace.

"Ma'alesh, Baba," na ce. "A gafarce ni. Zan tafi."

Na yunƙura, kwalata ta ƙi biyo ni. Haj ma ya dubi hannunsa da mamaki.

"Af," Daktora ta ce, tana danne dariya. "Kamawa muka koya. Sakewa ba mu kai wurin ba tukuna."

Mu'awiya ya faɗo daga kujera. Yana riƙe da ciki yana cewa, "Ya jama'a, ni ne mai jiran gona? Ni da nake roƙon a raba ni da tarakta!" Maƙwabta mata sun riga sun jeru a kan katanga. Daktora ta zauna tana murza yatsun Haj tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina rusune a gabansa kamar raƙumin da ake wa lodi. Ihlas ta shige ɗaki, amma ina jiyo dariyarta.

Na ɓuya a shago, na ce aure ya mutu, har na fara tsara yadda zan rame a ba da labarina. Sai ga Ihlas.

"Baba yana kiranka."

"Zai kore ni ne a gaban shaidu?"

"Daktora ta ce tunda ganinka yana motsa masa jini, ka riƙa zuwa. Amma da sharaɗi: a kan hannayenka za ka zauna."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar ina zuwa in zauna a gabansa, tafukana a ƙarƙashin cinyoyina. Na ɗinka masa riga mai manyan maɓallai don ya koyi ɓallawa. Ina kallo maɓalli ya kuɓuce masa, ya sake kamawa, ya sake kuɓucewa, jikina har tsuma yake. In na ɗan gyara zama sai ya harare ni ya ce, "Kul!" Wallahi ban taɓa aiki mai wuya irin wannan zaman ba. Amma a gabana ya ɓalla maɓallan rigarsa har wuya, a gabana ya fara cin tuwo da dama, a gabana ya taka da sanda har ƙofar gida.

Ranar da baffannina suka zo, shi ya miƙa wa babbansu hannun dama. Ya yi maganarsa a hankali, kalma tana jiran kalma:

"Na ba shi. Wawa ne... amma zuciyarsa... fara ce."

Baffana ya ce, "Mun gode, ya Haj. Mu ma haka muka san shi."

Ban ji haushi ba, don ban taɓa samun shaidar da ta fi wannan gaskiya ba. Abin da na koya kuwa shi ne, wata ƙaunar ba ta wuce ka naɗe hannu ka bar mutum ya sha wuyarsa ya tashi ba. Kuma in ka shiga gidan mutane ka tarar kowa ya yi shiru yana kallon abu ɗaya, to ka fara tambaya tukuna. Mai yiwuwa kai kaɗai ne ba ka san abin da ake yi ba.