Kujerar Haɗin Gwiwa

Allah ya yi masu zane da yawa, amma Fensir-a-Kunne guda ɗaya ya yi, kuma da bakinsa muka ji. Kafin zuwansa, in ji shi, ɗan Adam bai iya zama ba, zubewa kawai yake yi a kan katako. Lallai mun taki sa'a. Kakanninmu sun ci sun ƙoshi, sun koma ga Allah ba su san a wahale suka zauna ba.

Fensirin da ya ba shi suna ba a taɓa ganin ya rage tsawo ba. Ado ne, kamar farin wandonsa, wanda saboda shi ba ya zama a inda ake aiki. Tsaye yake shigowa, tsaye yake fita.

Wata hajiya mai gidan abinci ta neme shi ya zana mata kujerun katako masu daɗin zama. Ta ce a kawo biyu ta gani, in sun yi mata za ta cika gidan da su. Tun ba a sari katako ba gwanin namu ya gama shelar cewa za a buga sunansa da ƙarfe mai zafi a bayan kowace kujera. Sai ya nemo wani mai masana'anta, mutum mai tumbi da haƙuri, ya ce za su yi haɗin gwiwa.

Ga yadda haɗin gwiwar take: shi ya yi magana, mai masana'anta ya ce to. Bawan Allah bai gane rabin zanen ba, amma yana tsoron tambaya, kada a ce bai waye ba. Yana juyawa sai ya ce wa kafintoci su bi takarda, in ta ɓaci takarda ce ta ɓata.

"Kujera ba katako ba ce, falsafa ce," in ji Fensir-a-Kunne, yana taka garin katako a hankali kamar mai tsallake kwata. "Bayanta zai rungumi ƙashin baya yadda uwa ke rungumar ɗa. Mazauninta zai ɗan sunkuya gaba, ya miƙa mutum ga abincinsa cikin ladabi."

Aka yanka, aka goge, aka shafe su har kana ganin fuskarka a jiki. Kyau kam sun yi kyau, irin na ɗan maciji. Aka yi ta ɗaukar hoto. Zama kuwa gwani ya hana, wai ba a yi su don wandon leburori ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka kai su gidan abincin, aka sa ƙaramin tebur a tsakani, Hajiya ta ce gwani da mai masana'anta su zauna ta gani. Gwani ya share tasa da hankici, ya zauna da ƙasaita. Ladabin nan na mazauni ya fara aiki: santsi ya kwashe shi ya yi gaba, ya kwashe mai tumbi ya yo gaba, gwiwoyinsu suka gamu a ƙarƙashin tebur, ƙwas! Gwani ya ja da baya zai jingina, uwar da aka ce za ta rungume shi ta tokare shi a ƙugu kamar gwiwar hannun fasinja a motar haya.

Mai masana'anta ya shafa ƙafa, ya yi maganarsa ta farko da ta wuce to.

"Ranka ya daɗe, ashe wannan ne haɗin gwiwar."

Fensir-a-Kunne ya kafe duga-dugai a ƙasa, gumi na bin wuyansa, ya shiga borin kunya. Ya ce kujera ba ta da laifi, jiki ne bai saba da ilimi ba.

Hajiya ta zauna ita ma, ta miƙe nan da nan tana murmushi, ta ce sun yi mata, a cika gidan. Gwani ya kumbura, ya gyara fensir, ya fara jawabi a kan mata masu hangen nesa. Ta katse shi.

"Malam, ni 'yan zaman hira ne suka ishe ni. Mutum ya gama cin abinci ya kama mini tebur yana labari, masu yunwa na tsaye. A kan wannan kuwa, ko mai haƙuri a tsaye zai ƙarasa farantinsa. Sunan naka ma a buga shi da girma, don su san wanda za su zaga."