Yatsan Hukuma a Tukunyar Fure

Yau da safe na yi tuntuɓe da alkawarin hukuma, har farcen babban yatsana ya ɗaye. Kada ku ɗauka wasa nake da harshe. Alkawarin na siminti ne, yana nan zaune a bakin lungunmu, tsayinsa bai wuce idon sawu ba, da guntun ƙarfe a tsakiya inda aka ce wata rana kan famfo zai hau. Ina tafe da jarka a kafaɗa daga can bayan tashar mota inda muke sayo ruwa, sai na buge shi, ni da jarkar muka zube tare. Ɗan abin da ya rage a ciki na kawo gida, na zuba a roba, na tsuguna ina wanke wata shuka da soso da sabulu, ganye ɗaya bayan ɗaya, yadda ake bin kunnen jariri.

Maƙwabcina Tela ya leƙo ta kan katanga, tef ɗin awo a wuya.

"Direba, in ka gama kada ka zubar da ruwan. Ga tawa ma ta yi ƙura."

"Kai ba ka da hannu ne?"

"Ina da shi, ruwa ne babu. Kai kuma na ga har ƙasa kake ba wa sadaka a bakin lungu."

Masu karatu, na san za ku ce tsufa ya fara taɓa mu. Ku ba ni aron kunne.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Babbar mota na ja har gashina ya yi fari, kuma abin da hanya ta koya mini shi ne, in babban mutum ya tafi waje ya dawo, talaka ya ɗaure ɗamara, domin ba ya dawowa hannu rabbana. Mai Girma Babban Masoyin Huhun Talaka, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya je wata ƙasa ya ga ofisoshinsu cike da shuke-shuke a tukwane. Bai ga asibitinsu ba, bai ga famfunansu ba, wataƙila ranar a rufe suke. Tukwane ya gani. Yana saukowa daga jirgi ya sanar a rediyo cewa abin da ke damun talaka gurɓatacciyar iska ce, kuma maganinta shuka a kowane ɗakin kwana.

Ina cikin layin mai, na tura tsohon babur ɗina har ƙafafuna sun daina gaishe ni, sai ga jerin manyan motoci sun wuce fuu, tankunansu cike, bayansu cike da ganye yana rangaji. Wani a layin ya ce, "Kun ga, ciyawa ma ta fi mu gata." Ba wanda ya musa.

Aka raba mana. Kowane gida tukunya ɗaya, da sharaɗi: a cikin ɗakin kwana za ta zauna, ba tsakar gida ba, kuma lungun da duk shukarsa ta rayu shi za a kafa wa famfo. Don mu tabbatar da gaske ake, ranar aka zuba simintin da ya ci farcena. Ku dubi hikima irin ta manya: mutanen da ba su da ruwan sha aka ba wa abin shayarwa, domin su cancanci ruwa. Ni da ƙaramin karatuna ko shekara zan yi ina tunani ba zan ƙago wannan ba.

Aka kuma naɗa mai dubawa, wani dogon saurayi mai ɗamammiyar riga, wanda lungu ya sa wa suna Mai Yatsa. Aikinsa ɗaya ne. Ya shigo ɗaki, ya cusa manuninsa cikin ƙasar tukunya. In ya ji danshi, shuka tana raye. In ya ji bushewa, gidan ya ci amanar lungu. Ganyen ko kallonsa ba ya yi, domin ba a ce masa ya kalla ba.

To, uwar 'ya'yana mace ce da ban da haihuwa ba abin da ya taɓa kai ta asibiti. Ita ce ke ɗaukar ruwa tun ina kan hanya, har kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ta karɓi shukar nan kamar an ba ta jika. Ta ajiye ta kusa da gado, tana rage ruwan shayinta tana zuba mata. Ba a jima ba atishawa ta fara. Daga atishawa sai idanu suka yi ja suna ƙaiƙayi, hanci yana zuba kamar shi aka kafa wa famfon. Daga nan ƙirji ya soma fito, in ta ja numfashi sai ka ce yaro na busa usur a bayan ɗaki.

Tela ya ce sanyin fanka ne. Na tuna masa rabon fankarmu da juyawa tun wutar da aka kawo ranar zaɓe. Matarsa ta ce baki ne. Ni dai da na ga uwar 'ya'yana ta tsaya tsakiyar shara ta dafa bango tana neman iska, na ɗora ta a babur sai asibiti.

Likitar yarinya ce, sa'ar autarmu, amma ta san aikinta. Ta sa abin sauraro a ƙirji, ta leƙa hanci, sannan ta ce, "Baba, wane sabon abu ya shigo ɗakinku?"

"'Yata, ɗakinmu duk tsofaffin kaya ne, har da ni. Sabo ɗaya ne, kyautar Mai Girma."

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce akwai jikin da ba ya shiri da wasu abubuwa, da ya shaƙe su sai ya tayar da rigima. Wani garin fure ne ke tayar masa, wani ƙurar da ke kwanciya a kan ganye, wani kuma funfunar da ke tsirowa a ƙasa mai danshi in an kulle ta a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ta ce ba kowa abin ke kamawa ba, amma Mama ya kama ta, kuma in aka ci gaba zai iya zama mata ciwon ƙirji na dindindin. Ta ba da magani da abin shaƙa, ta ce, "Ku fitar da shukar nan yau."

A hanya na ce da uwar 'ya'yana da mun isa zan yi waje da tukunya. Ta daki bayana.

"Malam, ba za a ce saboda hancina matan lungu suka rasa famfo ba. Ka san bakin matar Tela. Gara in yi ta tari."

"In kika mutu fa?"

"Sai ka ɗebo ruwan wankan gawa daga sabon famfo, ka huta da zuwa tasha."

Kun ji irin matar da Allah ya haɗa ni da ita.

Sai na koma ga ilimin hanya. Wanda ya shekara yana wuce shingen bincike ya san ma'aikaci abin da aka ce ya duba kaɗai yake dubawa. Na shiga kasuwa wajen masu kayan ado, na samo shukar roba, kore shar, ganyenta har ya fi na gaske kama da gaske. Ta ainihin na cire na dasa a waje, jikin katanga. Ta robar na soke a tukunyar hukuma, cikin ƙasar hukuma. Tela ya zo ya zagaya ta, ya jinjina kai.

"Ta yi. Amma ka tuna da yatsa. Kullum ka riƙa ba ta ruwa."

Haka kuwa aka yi. Safe da yamma ina tsaye da moɗa ina shayar da roba da ruwan da na sayo, domin in cika umarnin hukuma. Tari kuwa ko gezau. Muka koma asibiti, na faɗa wa likita dabarata ina jiran yabo. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Baba, robar kuke ba wa ruwa?"

"Ba don ita ba, 'yata. Don yatsa."

Sai da na warware mata zancen Mai Yatsa. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta samu kanta ta ce ai ganyen bai yi wa Mama komai ba, ƙasar ce, kuma mun kori marar laifi mun ci gaba da ciyar da mai laifin. A zubar da ƙasa, a wanke tukunya, a cika ta da busasshiyar tsakuwa, a riƙa goge ganyen robar kada ƙura ta taru, domin ita ma ƙurar tana da nata sharrin.

Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Na kwashe ƙasar hukuma na watsar, sai ga ƙarƙashinta fari fat da funfuna kamar burodin da aka manta a aljihu. Cikin 'yan kwanaki usur ya yi shiru. Uwar 'ya'yana ta dawo da faɗanta gaba ɗaya, wanda shi ne alamar lafiyarta. Saura yatsa.

Ranar dubawa tun daga bakin lungu muke jin tahowarsa. Atishawa yake gida-gida, kamar mai tallanta. Ya iso ƙofarmu idanu jawur, hankici sharkaf, ya yi sallama da muryar da ta bi ta hanci. Uwar 'ya'yana ta tsaya a bakin ɗaki tana murɗa gefen mayafi. Tela ya maƙale a katanga, wai yana shanya yadi.

Saurayi ya naɗe hannun riga, ya miƙa manuni, ya cusa. Tsakuwa ta ce ƙaras.

Ya tsaya. Ya dube ni, na dubi rufin ɗaki. Ya kai hannu ya murza ganye, karo na farko a tarihin aikinsa, ganye ya yi ƙara irin ta leda. Na ce a raina shi ke nan, famfo ya tafi, matar Tela kuma za ta yi da mu har jikoki.

Sai na ga ya ja numfashi. Ya sake ja, mai tsawo, har ƙirjinsa ya ɗaga.

"Baba, in ɗan zauna?"

Aka ba shi kujera. Ya zauna yana shaƙar iskar ɗakinmu kamar wanda ya fito daga rijiya. Can ya ce tun ranar da aka ba shi aikin nan hancinsa bai buɗe ba, matarsa har ta koma kwana a falo. Uwar 'ya'yana ta ce, "Ayya, ɗana," ta kawo masa ruwa a kofi, ta kuma ba shi labarin likita tun daga farko. Da ya tashi ya gyara riga, ya ɗaga murya yadda katanga za ta ji.

"Wannan shuka tana cikin ƙoshin lafiya!"

A zaure ya rage murya. "Baba, wane shago ne?"

Ban san yadda aka yi ba, amma kafin wata ya ƙare mai kayan ado ya sake fenti a shagonsa. Lungunmu kaf ya koma roba. Masu tari suka huta, marasa tari ma suka huta da raba ruwan shansu da tukunya. Shukokin gaske suka koma waje inda iska take, wasu suka yi kyau abinsu, wasu awaki suka yi musu ta'aziyya. Mai Yatsa ya yi ƙiba.

Labari ya kai sama cewa akwai lungun da ko ganye ɗaya bai bushe ba. Sai ga Mai Girma da kansa, da jiniya, da masu ɗaukar hoto, da masu riƙe masa waya, da mai riƙe wa mai riƙe waya lema. Ɗakina aka kawo shi. Ya sunkuya kan robata, ya lumshe ido, ya shaƙa.

"Kun ji ƙamshi?"

Duk tawagar ta ji. Wani mai babban tumbi ya ce shi har ya ji ciwon kansa ya sauka. Mai Yatsa yana gefe yana nazarin takalminsa.

Aka taru a bakin lungu, Mai Girma ya ɗora ƙafa ɗaya kan simintin alkawari. Ya yabe mu har na fara jin kunya. Mata sun jero da bokitai, wai don a fara da su. Sannan ya ce, "Jama'a, na ga abin da ya faranta mini rai. Lungun da ya iya raya shuka haka a cikin wannan zafi, a fili yake ba shi da matsalar ruwa. Zalunci ne a ba mai shi a hana marar shi. Saboda haka famfo zai tafi lungun da shukarsu ta mutu."

Tawaga ta yi tafi. Mu ma muka yi, domin kyamara na kallonmu. Aka miƙa mana kofin girmamawa mai ruwan zinariya, na ƙwanƙwasa shi da farce, shi ma ɗan'uwan shukata ne.

Da jiniya ta yi nisa na juya wajen uwar 'ya'yana, domin ita ce ta so ta ba da ƙirjinta saboda famfon nan. Ta dubi simintin, ta dubi kofin, ta dubi bokitin da ke hannunta. Sai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta zauna a kan alkawarin hukuma tana share hawaye, matar Tela ta kama, sauran mata suka ɗauka. Can ta tsaya cak, ta dafa ƙirji.

"Malam, ka ji?"

"Me?"

"Duk dariyar nan ban yi tari ba."

Shi ya sa jarka ta dawo kafaɗata, ita kuma na ce ta zauna ta huta, ta ɗauki rabonta tun ina kan hanya. Kofin zinariya yana bakin randa, da shi muke ɗiban ruwa, kuma in faɗi gaskiya bai taɓa yoyo ba. Mutanen lungun da shukarsu ta mutu kuwa na leƙa su makon jiya in taya su murna. Sun samu nasu simintin, ya ɗan fi namu tsayi, har ya ci farcen mutum biyu.

Da nake ɗauraye shukar Tela ɗazu, wani tunani ya zo mini, na ce bari in miƙa shi sama ta wannan fili, kyauta. Tunda an gwada a lungunmu an ga amfaninsa, me zai hana a leƙa shagon mai kayan ado a yi odar manyan ma na roba? Za su zauna a kujera da kyau, za su fito a hoto shar, ba sa shan mai, ba sa tafiya waje su dawo da dabara. Aikin da za su yi kuwa daidai da wanda ake yi yanzu. Goge musu ƙura kawai za a riƙa yi, kuma ni da Tela mun riga mun ƙware.