Ranar da Filasma Ta Nutsu

Jama'a, jiya da safe na tarar an shimfiɗa jan kafet har gindin injina. Na yi tuntuɓe da shi, na zube a gaban Mai Girma Uban Kwamitin Tsuke Bakin Aljihu, wanda ya zo birninmu Adelaide na Ostareliya takanas don ya yanke hukunci: a rufe ɗakin gwajinmu ko a bar shi.

Shekara ashirin da biyu ina kula da injin nan. Iskar gas muke turawa cikin bututun gilashi, mu ba ta wuta har ta zama filasma, tana haske tana rawa. Rawar nan ita ce abincinmu. Shugabata, Dakta Narelle Petrakis, ta shekara tara tana lissafinta da misalin lilo mai gardama, wanda za ka tura kaɗan ya yi sama, ka tura da ƙarfi ya noƙe.

To, kun san mu, ko gobara ake yi ba a tsallake shayin ƙarfe goma. Masu tarbar baƙi suka rasa inda za su jona tukunyar shayi, sai suka zare na'urar awonmu. Layin da ke tsalle a allo yana nuna rawar filasma ya kwanta sambal.

Mai Girma ya matso da kek ɗin lamington mai barbaɗen kwakwa a hannu, kwakwa a gemu.

"Dakta, rahoto ya ce abin nan ba ya zama wuri ɗaya. Ga shi ya nutsu! Yaya kuka shawo kansa?"

Dakta ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Bara aka rufe ɗakin da ke kusa da namu, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shekarata hamsin da takwas, wa zai ɗauke ni aiki?

"Ranka ya daɗe, albarkar zuwanka ce," na ce.

Nan take ya ƙara mana shekara uku, da sharaɗin kada ya sake jin labarin rawa. Allah ya ƙara wa manya basira!

Da yamma na ba maƙwabcina Merv labari ta saman shinge.

"Kai Des, tsohon banza," ya ce, "wato an bar ku aiki don ku daina aikin?"

"Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski."

Na faɗa da dariya, amma wallahi kunya nake ji. Shekara taran baiwar Allahn nan na taka tare da ƙafarta, har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Tukunyar shayi dai tana nan a jone, babu mai ƙarfin halin zare ta. Ita kaɗai ke tafasa a ɗakin, in ka cire Dakta.