Mai Faci a Hannun Likitan Ido

Ƙawata Dela ce ta fara ba ni labarin nan, ana gobe za a yi min aikin idona a Kazaure. Ta ga tsoro ya hana ni cin tuwo, ta ce, "Zauna ki ji na wanda ya fi ki."

Wani ne mai faci a bakin titin Roni. Allah Ya ba shi hannu, sai dai bai ba shi tsoronSa da yawa ba. In ka kawo masa taya, zai liƙe hujin, amma gefe guda sai ya rage gam. Facinsa kwana tara yake yi cif. Ranar ta goma za a gan ka kana turo mashin, shi kuma yana yi maka jaje.

To, zaman rana da iskar titi, sai wani jan nama ya tsiro masa a ido, daga wajen hanci yana rarrafawa zuwa baƙin. Ya share. Har ta kai yana liƙa faci nan, huji yana can. Tayoyi suka daina kai kwana tara, tun a gabansa suke sacewa. Matarsa Abu ta ce, "Malam, ko ka je asibiti, ko in kai ka a baro."

Ya je Kazaure. Likita ya haska idon ya ce, "Baba, in aka bar shi zai rufe maka gani. Za mu kankare shi. Amma in aka bar wurin a buɗe yakan sake tsirowa, don haka za mu yanko 'yar fata daga saman idon, mu rufe wurin da ita."

Ya ce, "Faci ke nan?"

"Kusan haka."

"Da gam?"

"Akwai na gam, akwai na zare. Bayan mako guda sai ka dawo in gani."

A ransa mutumin ya ce, mako guda! Wannan ya fi ni rashin imani, ni ai ina ƙara wa mutum kwana biyu.

Yana fitowa sai ya ga jan mashin a ƙofar ofishin. Ya tambayi maigadi, "Na waye?" Aka ce na likita ne. Ya duƙa ya leƙa tayar baya. Sau huɗu tayar nan tana kwana a hannunsa.

Ranar aiki aka kwantar da shi, aka yi masa allurar kashe zafi, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe idon a buɗe. Yana jin komai, bakinsa kuma ba a yi masa allura ba.

"Likita."

"Na'am. Kada ka motsa ido."

"Ranka ya daɗe, kai mai haƙuri ne?"

"Dubi hagu."

"Tayar nan ta baya. Gam ne ya ƙare min."

Likita ya ci gaba da aikinsa.

"To, bai ƙare ba. Amma wallahi ban san kai ne ba, ka sa hular kwano."

Wata nas ta juya baya, tana danne dariya.

"Ta gaban ma ni ne. Ƙusar kuwa ba ni na ajiye ta a titi ba. Na dai gan ta, ban ɗauke ba."

Likita ya ce, "Baba, in ka ƙara magana sai in ɗinke da bakin."

Can kuma mutumin ya kasa haƙuri. "Ka dai bari gam ɗin ya sha iska kafin ka manna."

Aka gama, aka rufe idon. Likita ya ba Abu maganin ɗigawa da baƙin tabarau, ya ce kada ruwa ya shiga, kada ya murza, kada ya zauna a rana ido tsirara. In an kiyaye, da yardar Allah naman ba zai dawo ba.

Suna isa gida ya ce, "Kin ji wayo? Kada ruwa ya taɓa! Wane mai faci ne yake tsoron ruwa, in ba ya san ya bar ƙofa ba?"

Kwana biyu da cire bandeji, Abu ta fito daga ɗaki ta tarar da shi durƙushe gaban rabin durom ɗin da yake gwada tub ɗin taya a ciki. Ruwan baƙi ƙirin, har da gansakuka. Ya toshe hanci, ya cika kumatu da iska.

"Malam! Me zan gani?"

"Zo ki tsaya nan. Zan tsoma fuskata, ke kuma ki duba ta ina kumfa take fita."

Ta cafko wuyan rigarsa ta baya, ta ja shi har tabarma. Yana zaune sai ya lakato yawu a yatsa zai shafa wa idon, wai ko a haka ma ana ganewa. Ta doke hannun.

Maganin ma ya ce ba zai sa ba, ruwan jiƙa gam ne. Abu mace ce mai jiki, Allah Ya yi mata albarka. Sau huɗu a rana take danne shi da gwiwa ta ɗiga, yana kiran maƙwabta su zo su yi shaida. Ta ɗaure masa tabarau da igiya ta ƙeya. Ita ta kai shi wajen likita da mako ya cika, kamar mai kai rago kasuwar Babura.

Ya koma bakin titi yana jiran ranar da facin idon zai sace. Kowace safiya sai ya karkato madubin mashin ɗin mutane, ya ɗaga tabarau ya leƙa. Kwana tara, shiru. Wata guda, shiru. Damina ta zo ta wuce, aka cire gyaɗa, ido fari tas. Abin ya fara damunsa.

Ran nan sai ga likita yana turo jan mashin, gumi har gwiwa. Mutumin ya tashi da rawar jiki, ya ba shi benci, ya cire taya, ya yi faci. Likita ya ce, "Ɗaga tabarau in gani." Ya buɗe idon da yatsa, ya duba sama da ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Ya kama sosai."

"To yaushe zan dawo?"

"Ba sai ka dawo ba, Baba. Ka dai riƙe tabarau."

"Ko bayan shekara?"

"Ni da kai sai gaisuwa."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa da sabon idon, tausayi ya kama shi. Ya goge masa kujerar mashin da hannun riga, ya riƙe masa har ya hau.

Ya ce, "Allah sarki, likita. Aiki kam ka iya, sana'a ce ba a koya maka ba. Sauka lafiya, sai nan da kwana tara."