Janar Kifa-Ciki da Milimita Arba'in

Duk Nairobi, daga Karen har Kasarani, babu mahayin babur kamar Fidelis Makokha. Ba ni na faɗa ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma na ƙirga: sau goma sha ɗaya a zama guda. Mutumin da ya maimaita magana sau goma sha ɗaya, ai sai a yarda da shi a huta.

Daga Litinin zuwa Asabar dillalin inshora ne mai shekara hamsin da takwas. Ranar Lahadi kuwa shi ne Ciyaman na Damisoshin Ngong, ƙungiyarmu ta masu manyan baburan tsere, mu goma sha huɗu. Shi ya kafa ta, shi ya rubuta mata dokoki arba'in da biyu, shi ya tsaya zaɓe sau shida shi kaɗai, ya kuma lashe da gagarumin rinjaye. Babur ɗinsa ja ne, ɗan Italiya, an ƙera shi don saurayi mai kilo sittin ya yi minti arba'in a filin tsere. Ciyaman kilo ɗari da huɗu gare shi. Hannuwan babur ɗin suna can ƙasa da bakin tanki, don haka in ya hau sai ya kifa tumbi a kan tankin, gwiwoyi a hammata, wuya a tanƙware, yana leƙen titi ta ƙarƙashin gira. Shi ya sa muke ce masa Janar Kifa-Ciki. A gabansa Janar kawai muke cewa, yana kuma amsawa da sauri.

Gaskiya ne bai taɓa shiga tsere ba. Amma ya taɓa zama a jirgin Mombasa kusa da wani Bature wanda ƙanin matarsa ke wanke tayoyi a filin tsere a Italiya, kuma tun daga ranar ilimin ya shige shi.

Kowannenmu yana da falmaran ɗin baƙar fata mai kan damisa a baya. Janar yana ɗora wata rawaya mai ƙyalli a kan tasa, don duniya ta san wanda ke gaba. Da aka ce masa irin ta 'yan boda ce, wato 'yan acaɓa masu jiran fasinja a bakin kasuwa, sai ya ce tasa daga waje aka kawo. A duniya babu abin da ya tsana kamar a haɗa shi da ɗan boda. Daga nan doka ta bakwai ta fito. Kowace Lahadi a gidan man da muke haɗuwa, zai zaro rular ƙarfe daga cikin takalminsa, ya gicciya ta a bakin tankin kowa. Hannun babur da ya haura rular nan, na ɗan boda ne.

"Damisoshi!" haka yake farawa, rula a sama. "Mu ba 'yan dako ba ne. Mahayi na gaske ba ya zama a miƙe kamar mai jiran shayi. Yana kwanciya, ya yanka iska, iska ta san ta gamu da namiji. Ciwo? Ni ban san shi ba. Ciwo ra'ayi ne kawai."

Ni ne makaniken da ke gyara musu baburan, shi ya sa suke ce mini Fundi, kuma ni mutum ne mai son lissafi. Daga gidan Janar zuwa gidan man kilomita tara ne, da tudun rage gudu ashirin da uku, da shataletale shida. Iskar da yake yankawa, a gudun kilomita goma sha takwas yake yanka ta, a bayan motocin haya da ake kira matatu. Cikin mu goma sha huɗu, goma sha ɗaya sun taɓa zuwa garejina sun yi mini raɗa a kan wuyan hannu da ƙugu. Tara suna ɓoye man zafi a ƙarƙashin kujera. Na Janar babbar kwalba ce, ya ce man goge fata ne.

Jelagat Koech ce kaɗai ta yi magana da ƙarfi. A sashen gashin ƙashi take aiki a wani asibiti, kuma ita ba mahayiyar Lahadi ba ce kawai, kullum da babur take zuwa aiki, kilomita goma sha bakwai zuwa, goma sha bakwai dawowa. Wata Alhamis ta shigo gareji tana murza ƙeya.

"Fundi, ɗaga mini hannuwan nan. Yini nake ina miƙe wuyan mutane, nawa kuma a karkace."

"Doka ta bakwai fa, Likita?"

"Doka ta bakwai ce za ta yi mini tausa?"

Aikin ba wuya, sai dai yana son natsuwa. Na sa mata ƙarfen ƙari, hannuwan suka tashi milimita arba'in, suka matso baya ashirin. Na canza robar birki da mai tsawo, na sake wa wayar kuloci da ta totur hanya don kada su ɗaure. Na juya kan babur hagu da dama sau goma, bai taɓa tanki ba, bai taɓa gilashi ba. Awa uku da minti goma. Ta zagaya unguwa sau ɗaya ta dawo tana dariya a cikin hular kwano.

"Fundi! Ashe akwai sama a Nairobi?"

Lahadin da ta biyo ita ce ta babban hawanmu na shekara, zuwa Naivasha, inda ake gasa mana akuya sukutum. Janar ya bi layi da rula. Da ya zo kan babur ɗin Jelagat, rular ta ce ƙwal a jikin hannun. Ya sake gwadawa. Ya goge rular a cinya ya sake. Sau uku.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce, "ina gina sunan nan da kashin bayana. Yau an kawo mini boda cikin Damisoshi. Saura buhun gawayi da kaji a baya!"

"Ciyaman, milimita arba'in ne," in ji Jelagat. "Ko tsawon ɗan yatsanka bai kai ba."

"Da milimita ɗaya ake fara lalacewa, yarinya. Sakatare, doka ta goma sha tara!"

Sakatarenmu Mutiso ne, mutumin da duk sanda ya karanta doka sai ya yi kamar zai yi atishawa. Ya karanto. Wanda za a kora, a wurin cin akuya ake korarsa. Ciyaman zai tsaya a miƙe cak, ido cikin ido da mai laifi, ya zare falmaran daga kafaɗarsa da hannu biyu, ya ɗaga ta sama da kansa kowa ya gani. Kuma dole a gama kafin nama ya sauka a tebur, domin Damisa ba ta cin abinci da bare. In nama ya riga sauka, magana ta mutu har abada. Janar ya rubuta wannan da kansa, yana kuma alfahari da ita fiye da sauran.

Jelagat ta ja zip ɗin falmaran ɗinta har wuya. Shekara guda cur ta yi tana bin mu a baya kafin a ba ta ita, shekara huɗu kuma ba ta yi fashin Lahadi ko ɗaya ba. An ce ta koma ƙarshen layi, wurin masu laifi.

Kilomita casa'in da biyu. Tudun rage gudu arba'in da bakwai, na ƙirga da ƙuguna. A gangaren dutse muka tarar da manyan motoci sun yi layi, muka yi minti hamsin muna rarrafe, ga gangara, duk nauyin mutum a kan wuyan hannu. Ina bayan Janar. Kafin Limuru ya yarfe hannun hagu sau goma sha huɗu. Bayan Mai Mahiu ya daina yarfewa, na ɗauka sauƙi ya samu. A madubi kuwa ina hango mai laifi can baya, zaune daram, tana kallon kwari da duwatsu kamar wadda ta biya kuɗin yawon buɗe ido.

Muka isa. Ƙamshin akuya ya tare mu tun daga ƙofa, mai gashi ya ce saura minti ashirin. Mu goma sha uku muka sauka. Janar bai sauka ba.

"Janar, mun iso fa," in ji Mutiso.

"Na sani. Ina sauraron injin yana hucewa. Ƙwararru haka suke yi."

Minti uku yana sauraro. Injin ya gama duk abin da zai faɗa.

"Janar, ko a kawo maka naman nan kan tanki?"

"Mutiso," ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, don ba ya iya juyowa, "ku zo ku huɗu. Ba taimako nake nema ba. Girmamawa ce."

Muka girmama shi mu huɗu, muka ciro shi. Ya fito da siffar babur ɗin a jikinsa: baya a tanƙware, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa biyu a gaba suna riƙe da abin da babu. Muka ajiye shi a ƙasa, ya tsaya a haka kamar mai neman allura a cikin tsakuwa. Amma babban mutum babban mutum ne. Nan take ya fara jawabi, ya yi wa takalmanmu bayanin ɗa'a da tarbiyya na minti huɗu. Saura goma sha biyu.

Aka kawo Jelagat gabansa. Mutiso ya buɗe littafi.

"A miƙe cak, Janar. Ido cikin ido."

Janar ya yunƙura. Wani sauti ya fito daga bakinsa wanda ba ya cikin dokoki arba'in da biyu. Idonsa ya kai daidai bel ɗinta. Ya miƙa hannuwa, suka tsaya a aljihunta.

"Ke, sunkuyo."

"Doka ta ce a tsaye, Ciyaman. Kai ka rubuta."

"To na gyara dokar!"

"Doka ta arba'in," in ji Mutiso, yana share hawayen dariya. "Gyaran doka sai Ciyaman ya ɗaga hannun dama sama da kansa."

Ana jin kitsen akuya yana ɗiga a wuta. Sai Jelagat ta cire safar hannu ta ba ni.

"Mzee," ta ce, wato dattijo, "kwanta a bencin nan in duba ka. Tsoka ce ta ɗaure. In na sake ta, ka miƙe ka kore ni da hannunka."

Ya yarda, amma ya ce a rubuta cewa umarni ya ba ta. Ta fara aiki, kuma ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba. Ta bi ƙashin bayan gaɓa-gaɓa. Ta ce ya ja numfashi, ya sauke, ya sake ja.

"Yi sauri mana!" in ji shi, fuska a cikin benci.

"Ba a yi wa ƙashin baya gaggawa, Mzee. Ciwo ai ra'ayi ne. Ja numfashi."

Ina riƙe da agogo. Akuya tana buƙatar minti tara, Likita tana buƙatar goma sha ɗaya, kuma ba ta rage ko daƙiƙa ɗaya ba. Ta danna wani wuri, bayan ya ce ƙas, Janar ya miƙe tsaye cak, ƙirji a buɗe, kamar ranar da aka ɗaura masa aure. Ya juyo da hannu biyu a shirye. Katakon nama yana kan tebur, da tuwon masara na ugali, da yankakken tumatir da albasa, Mutiso kuma yana da haƙarƙari a baki.

"Magana ta mutu, Janar," ya ce da cikakken baki. "Gishiri?"

Janar ya dubi naman, ya dubi Jelagat, ya gyara falmaran ɗinsa rawaya.

"Damisoshi, kun ga yadda shugaba ke yafiya. Da gangan na jinkirta."

Muka tafa. Yadda ya koma gida ba zan faɗa ba, sai dai motar da ta ɗauke shi, kabeji ta saba ɗauka.

Ranar Talata da hantsi sai ga jan babur a garejina, an lulluɓe shi da tamfol.

"Fundi, binciken da na daɗe ina yi ya nuna cewa Italiya ta koma ɗaga hannu. Nawa ka sa wa yarinyar nan?"

"Arba'in."

"Ciyaman ba ya zama ƙasa da mamba. Sa mini sittin."

Na sa. Amma da labari ya bazu, cikin mako biyu mutum tara suka kawo nasu, Mutiso kuma don neman magana ya ce saba'in yake so. Janar ya dawo, tamanin. Wani ya yi casa'in. Janar ya dawo. A zuwa na huɗu na gaya masa gaskiya: ɗari da ashirin ba ta yiwuwa sai an cire gilashi da robobin gaba, an sa dogon hannu guda, kuma a duk kasuwa hannu ɗaya ne mai wannan tsayin, shi ne wanda 'yan boda ke sawa.

"Sa shi," ya ce. "In an tambaya, daga Milan ya zo."

Lahadin nan da ta wuce muka fito, Janar a gaba, zaune a miƙe kamar alƙali, hannuwa a buɗe, falmaran rawaya tana ƙyalli. Jelagat tana ta biyu a layi, da kan damisarta a baya. A shataletalen kusa da kasuwa ɗan sanda ya tsayar da mu. Sai wata dattijuwa ta keto tsakanin motoci da buhun ganyen sukuma a ka, ta wuce mu goma sha uku ba ta ko kalle mu ba, ta dafa kafaɗar Janar.

"Boda! Kasuwar Gikomba za ka kai ni. Kuma ban da gudu."

Janar ya ɗaga gilashin hularsa a hankali.

"Mama, kin san da wa kike magana?"

Ba ta ji shi ba, tana duba kujerar baya, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Ta latsa ta da yatsa, ta leƙa ko akwai wurin ɗaure kaya, ta girgiza kai cikin tausayi.

"Kai sabon shiga ne, ko? Je ka sa kujerar kirki, ɗana, in kana son sana'ar nan ta ciyar da kai."

Ta gyara buhunta, ta tafi neman na gaske.