Ƴar Baƙa Ta Faɗo Daga Bene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da leɓe mai ɗinki huɗu, ni Lawali mai ɗaukar bidiyon biki a unguwar Lazaret nake sanar da ƴan uwa da abokan sana'a rasuwar kwamfutata, wadda muke kira Ƴar Baƙa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan an jefo ta daga benen shagona. Shekararta shida a hannuna.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha zafin Afrilu ba na'urar sanyi, an ɗauke mata kuran, wato lantarki, tana tsakiyar aiki ba adadi, amma da ya dawo sai ta ce "tit" sau ɗaya ta koma bakin aikinta.

Ciwon ajalinta ni na sayo mata. A cikinta akwai baret biyu, wato ƴan sandunan da take riƙe aiki da su yayin da take yin sa. Tagwaye ne, a kwali ɗaya suka zo, an gwada su tare tun daga masana'anta. Da aiki ya yi mata nauyi sai na yi niyyar ƙaro biyu. Hasiya, mai gyaran kwamfuta a unguwar Dar es Salam, ta gargaɗe ni cewa in huɗu nake so in sayi huɗu ƴan kwali ɗaya, don ko suna da lamba sun zo ɗaya, na cikin yakan bambanta. Na ce mata baret ai baret ce. Na tsinto su ɗai-ɗai a kasuwa na cusa.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu fuskarta ta yi shuɗi, ta ɗauke. Daga nan ta riƙa suma tana farfaɗowa da wani kuka, "tiiit, tit, tit", wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Maimakon in zare baƙin, sai na riƙa marinta a gefe. Sau ɗaya har na sa mata ƙafa. Allah ya yafe mini.

A wannan hali na juye mata bikin Hauwa, ƙanwar Bashir, wani direban babbar mota ɗan Tawa. Na goge katin kamara na ɗauki wani bikin a kai. A bidiyon akwai mahaifinsu yana sa wa amarya albarka, minti bakwai cur. Kwana tara bayan biki tsohon ya rasu. Ranar Talatar Bashir ya hawo shagona, ya ce ba kiɗa ya zo ji ba, muryar Baba kawai yake so. Na buɗe. Fuskar tsohon ta fito a yayyage, kore da ja, murya kuwa sai ƙara kamar ana keta yadi. Sai allon ya yi shuɗi.

"Malam Lawali, ina katin?" in ji shi, a hankali.

Na faɗa masa gaskiya. Naushin farko ya fasa mini leɓe, na biyu ya haɗa ni da bango. Na rarumi ƙafar kamara na maka masa a goshi, jini ya rufe masa ido. Ko sharewa bai yi ba. Ya fizgi marigayiya har da wayoyinta, ya ɗaga ta sama da kansa, ya wurga ta ta taga. Ƙararta ta ƙarshe ita ce ta ƙarfe a kan siminti, fankarta kuwa ta gangara har gaban mai kilishi. Bashir ya zauna a matakala yana kuka. A komisariyar ƴan sanda na ce ba ni da ƙara. Shi ma haka ya ce.

Ta bar allo mai tsaga, da faifan ajiya da ke kwance wurin Hasiya, rai a hannun Allah. Tagwayen sun karye tare. Baƙin nan biyu ko ƙwarzane babu.

Za a kai gawa wurin masu tsohon ƙarfe a kasuwar Katako ranar Juma'a bayan la'asar. Zaman makoki a shagona ne, kwana uku. Ba a buƙatar goro ko dabino. Duk wanda ya je bikin Hauwa a unguwar Koira Kano, kuma ya ɗaga wayarsa lokacin da tsohon ke addu'a, don Allah ya zo da ita, ko daƙiƙa goma ce, ko hoton na rawa. Bashir zai kasance a wurin, da bandeji a goshi. Ya ce shi zai kawo tabarmi.