Rasuwar Ta-Ataba, Tukunyar da Ta Ga Turai Daga Banɗaki

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wata tambaya da ta fi ƙarfinsa, Malam Illiyasu mai sayar da atamfa a unguwar Faisal ta Alƙahira yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyarsa ta lantarki, wadda aka fi sani da Ta-Ataba. Tambayar ita ce: abin da ya rufa wa mutum asiri shekara tara, amma ya sa 'yarsa kuka, masoyi za a kira shi ko maƙiyi? Malam ya duba littattafansa, ya tambayi ɗaliban ilimi biyu, bai sami amsa ba.

An samo marigayiyar a kasuwar Ataba, daga nan ta sami suna. Ba ta da yawan magana. Idan ruwa ya tafasa murfinta yakan ce kaf-kaf-kaf, idan shinkafa ta nuna sai ta ce tak, sau ɗaya, ta yi shiru. Ba ta taɓa tambayar Malam dalilin da ya sa yake cin shinkafa da wake kwana huɗu a jere ba.

Tafiyarta ta ƙarshe ta samo asali ne daga Fiddausi, 'yar Malam, ma'aikaciyar jinya a Marseille, da mijinta Bakri, Bahaushen Sudan mai dafa abinci a wani gidan cin abinci na bakin teku. Su suka gayyaci Malam da mai ɗakinsa Hajiya Hanifa yawon mako uku a mota, daga gaɓar Faransa har Napoli. Bakri ya yi wata biyu yana tsara inda za a ci me, domin burinsa surukinsa ya ɗanɗani sana'ar da yake riƙe 'yarsa da ita.

Ranar farko aka ajiye wa Malam faranti: jatan lande, katantanwar teku a buɗe, da wata halitta mai ƙafafu takwas wadda Misirawa ke kira akhtabut. Malam ya dube ta, ya ga kamar ita ma tana dubansa. Nan take ya tuna cewa a garinsu Maraɗi mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa. Ya faɗi haka cikin nutsuwa, ya koma masauki wajen Ta-Ataba. Hajiya Hanifa kuwa ta ce tata kunyar ta bar ta a Faisal, wajen mai gadi tare da makulli, ta ja farantin gabanta.

Haka aka yi ta tafiya. Sun ga jiragen masunta a tsohuwar tashar Marseille, da gidaje masu launi-launi da ke rataye a jikin dutse bayan Genoa, da hasumiyar nan da ta karkace ta ƙi faɗuwa, wadda Malam ya daɗe yana tunanin ko haƙuri ne ya riƙe ta ko taurin kai. Amma duk inda aka zauna cin abinci, kujera ɗaya takan kasance babu kowa. Bakri bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan ce ma'alish, wato ba komai, Baba ya fi shi sanin al'ada, sannan ya tura burodi ɗaki.

Ciwon ajali ya zo ranar sha huɗu, da azahar, a wani ƙaramin masauki da ya hana girki a ɗaki. Malam ya karanta takardar dokar, ya yi nazari, ya yanke cewa banɗaki ba ɗaki ba ne. Don kada tururi ya tayar da ƙararrawar gobara, ya lulluɓe marigayiyar da jiƙaƙƙen tawul, ga wake cike da cikinta. Ta ce kaf, kaf, a raunane. Sai warin ƙonanniyar roba. Malam ya zauna bakin bahon wanka yana jiran tak har la'asar. Bai zo ba.

Nan Fiddausi ta same shi. Ta dubi tukunyar, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, in ƙyama ce ka ce ƙyama ce. Bakri yana zaton shi kake ƙi."

Sauran kwana bakwai Malam ya yi su da burodi da zaitun, ya dawo Alƙahira da gawar cikin akwati, naɗe da rawani. Mai gyara a Ataba ya buɗe ƙasanta, ya shinshina, ya ce khalas, wato ta ƙare.

Ta rasu ta bar murfi ɗaya, da ludayin roba, da kofin awo wanda ya tsage tun a birnin Nice, da igiyar wuta mai kawuna uku, da rabin kwalbar yaji. Ta kuma bar maigida wanda ya san wa ya ɗora tawul.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidansu da ke Faisal, inda mai amalanken bikiya, mai karɓar tsofaffin kaya, zai ɗauke ta zuwa makwancinta. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da sabuwar tukunya. Hajiya Hanifa ta ce duk wanda ya kawo, da abarsa zai koma.

Abincin zaman makoki Bakri ne zai dafa, domin shi da Fiddausi sun iso hutu shekaran jiya. Ɗazu, ana cikin rubuta wannan sanarwa, ya shigo da tire na gwaji, shinkafa da mai ƙafafu takwas a kwance bisanta. Ya ajiye, ya sunkuyar da kai, ya juya zai fita kamar yadda aka koya masa.

Malam ya ajiye alƙalami. Ya ƙirga ƙafafun, takwas ne cif.

"Bakri," in ji shi, "wanko hannunka. Ka zauna nan, ka nuna mini ta inda ake fara ta."